Tun da aka sabunta kwamfutata muryar karatu ta rikice, ina neman mafita

Malamin Tudun Jukun ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san kan manhajojin nan masu karanta wa mutum rubutu da murya ya taimaka mini, aikin ɗalibai ya taru a kaina.

Ina koyar da Hausa a wata kwaleji a nan Zariya. Hawan jinin ido ya cinye mini gani, abin da ya saura bai isa karatu ba, saboda haka duk abin da ɗalibai suka rubuto da kunne nake duba shi. Manhajar karatun allo ta NVDA nake amfani da ita. Da yake cikin muryoyin da na tarar a kwamfutar babu ta Hausa, wani abokin aiki ya ce in gwada ta Indonesiya, wadda ake kira Andika. Za ku yi mamaki, amma ta fi ta Turanci nesa ba kusa ba. Wasulanta suna fita kusan yadda muke faɗinsu, c ɗinsu kuma irin namu ne, ciki "ciki" take cewa, cefane "cefane". Sauran kuwa ni na yi ta koya mata da hannuna a ƙamusun manhajar, duk kalmar da ta ɓata sai in tsaya in gyara. Sh na mayar sy, don haka su suke rubuta shi. Ƙ kuma da gangan na sa ta riƙa fitowa daga maƙogwaro kamar kh. Na san ba haka muke furta ta ba, amma ni so nake in ji ko yaro ya sa ƙugiya ko bai sa ba, tunda maki ne a kai.

Makon jiya ɗana ya kai ta wurin wani mai gyara a wajen PZ, domin an ce tun 14 ga Oktoba 2025 Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro na yau da kullum, gara a koma 11. Aka sabunta, aka sa sabuwar NVDA, aka ce masa komai na nan. Takarduna kam suna nan. Amma da na kunna sai na ji wani Ba'amurke yana karanta mini aikin ɗalibata a kan sana'ar dukanci. Mace ta koma "mes", wake "wek", dare "deya", duk inda aka ce yake sai ya ce "yek". Yaron ya sayi data ya sake sauko da Andika, na zaɓe ta, na ce shi ke nan an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Yanzu idan ina cikin Word, Andika za ta fara layi, tsakiyar jimla sai Ba'amurken ya karɓe, can kuma ya sakar mata. Haruffa masu ƙugiya kuma haɗiye su take yi. Ɗaki ya zama "aki", Ƙofar Doka "ofar Doka", ɓarawo "arawo". A wasu takardun ma abin ya fi haka muni, ƙasa sai in ji wani abu kamar "kyuwasa", ɗaya kuma "ksaya". Sannan kalmomi irin su jami'a, sana'a da 'ya'ya, wani lokaci ta karanta su lafiya, wani lokaci ta raba su biyu ta yi shiru a tsakani, a cikin takarda ɗaya kuwa.

Abin da nake tambaya: sabuwar manhajar ce ba ta iya ba, in sa a mayar mini da tsohuwar? Ko akwai wani wuri da za a taɓa? Mai gyaran ya ce shi dai ya ji tana magana, aikinsa ya cika.

Ɗan Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kada a yi gaggawar komawa tsohuwar tukuna. Daga bayaninka, muryar ba ta lalace ba. Ita Andika dama ba ta taɓa sanin Hausa ba, ƙamusunka ne yake yi mata fassara a ɓoye. Da aka sa sabuwar NVDA an fara ta ne daga farko, babu saitinka, babu ƙamusunka.

Abu mafi gaggawa shi ne wannan, kuma a yi shi yau idan da hali. A ce wa ɗan'uwana, wato yaron naka, ya buɗe faifan C na kwamfutar ya duba ko akwai jakar da ake kira Windows.old. Idan mai gyaran bai share faifan gaba ɗaya ba, tsohon kayanka yana ciki. Amma kwamfutar da kanta take goge wannan jaka bayan kwana 10, kuma ka ce makon jiya aka yi aikin. Idan tana nan, ya shiga Users, ya shiga sunanka, sai AppData, sai Roaming, zai ga jaka mai suna nvda. AppData ɓoyayya ce, sai ya sa a nuna ɓoyayyun jakunkuna kafin ya gan ta. Ya kwafe nvda ɗin sukutum a filashi kafin ya taɓa komai. Ƙamusoshin suna cikin speechDicts. Ya kashe NVDA, ya zuba su a wuri ɗaya a sabuwar kwamfutar, sannan ya kunna.

Ka lura NVDA ƙamus uku gare ta. Akwai na gama-gari mai aiki da kowace murya, akwai na murya wanda yake manne da muryar da ka zaɓa kawai, akwai kuma na wucin gadi da yake ɓacewa da zarar an rufe manhajar. Idan a na murya ka yi aikinka, to ba zai tashi ba sai kana kan Andika ɗin ta OneCore, injin muryar da ke zuwa da Windows. Danna Insert da Ctrl da S ka tabbatar injin da kake kai, domin eSpeak, wani injin muryar, shi ma yana da Indonesiya, amma ƙamusunka ba zai bi ka can ba.

Shi kuma Ba'amurken da ke kutse, ga dalilinsa. Word tana yi wa kowane yanki na rubutu alamar harshe, kuma yawancin takardun da ake bugawa a nan alamar Turanci ce a kansu ko da Hausa ce zalla a ciki. NVDA tana da saiti mai cewa ta sauya harshe da kanta idan ta ga alama, kuma a kunne yake zuwa. Ina jin an kashe maka shi tun farko ka manta da zancen. Danna Insert da Ctrl da V, ka sauka zuwa akwatin sauya harshe kai-tsaye, ka cire alamar, ka adana. Wannan ko ƙamusun bai dawo ba zai yi aiki.

Muryar Hausa ta gaske kuwa, a 2023 kamfanin Meta ya fitar da samfurin murya na harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki. Sai dai kayan bincike ne, sai masu haɗa manhaja sun yi masa aiki kafin ya zama abin da za ka zaɓa ka yi ta aiki da shi ba tare da jinkiri ba. Mai karatun allo sauri yake so fiye da daɗin murya.

Sarkin Zolaya ya amsa:

Malam ni dai "wek da shinkafa" ya kashe ni da dariya, Allah ya ba da haƙuri. Me zai hana ka tura takardun a waya TalkBack ta karanta maka? Ni komai a waya nake yi, rabona da kwamfuta tun ina bautar ƙasa.

Maman Biyu ta amsa:

Sarkin Zolaya, kundin digiri mai shafi tamanin ko ɗari za a duba a waya, a sa gyara a gefe, a mayar wa ɗalibi? Ka bari kawai.

Malam barka da ƙoƙari. Ni aikina buga takardu ne, ina da shago a wajen Kongo, kuma irin kundayen da kake dubawa daga hannunmu suke fitowa. Batun "kyuwasa" da "ksaya" na san shi kamar yunwar cikina, kuma ba daga sabuntawar ba ne.

Har gobe shaguna da yawa da tsofaffin fon na Hausa, wato salon zanen haruffa, muke bugawa, waɗanda aka yi tun kafin kwamfuta ta san haruffanmu. Yadda suke aiki shi ne an zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, tunda Hausa ba ta amfani da su. A ido, a takarda, ƙasa za ka gani. Amma a cikin kwamfutar qasa ce, xaya ce, vangare ne. Muryar kuwa ba ta kallon zane, abin da ke ciki take karantawa. Akwai ma wani tsarin da ya fi wannan ban haushi, wanda ya ɗora su a kan baka da sauran alamomi, shi ya sa za ka ga }asa da ]aya da za~e a tsofaffin rubuce-rubuce na intanet. Ina kyautata zaton tsohon ƙamusunka ya riga ya san q da x da v, shi ya sa ba ka jin su. Illar dai ita ce idan ɗalibi ya kawo sunan Bature ko kalmar Turanci mai v, ita ma sai ta juye.

Ni yanzu duk wanda ya kawo aikin Hausa da haruffan gaske nake buga masa. A Word ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 ɗ ce, 0253 ɓ ce. Manyansu 0198 da 018A da 0181. Windows ma tana da allon rubutu na Hausa, Gboard a waya tana da shi. Tsohuwar takarda kuma minti biyu ne, Ctrl da H, a mayar da q zuwa ƙ, a kunna bambanta babba da ƙarami don kada Qofa ta koma ƙofa da ƙaramin harafi a farkon jimla. Sai a bi jerin manazarta a gyara sunayen Turawa da hannu.

Su jami'a da sana'a kuwa, alamar nan da ke tsakani ba iri ɗaya ba ce duk da ido ba ya rabewa sosai. Akwai miƙaƙƙiya ta kan allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya da Word take mayar da ita da kanta kana bugawa. Idan a farkon kalma take, kamar 'ya'ya ko 'yan, sai Word ta ɗauka zance za ka buɗe, ta juya ta baibai. To kalma ɗaya sai ta zo da alama iri biyu. Yaro kuma ya kwafo sakin layi daga waya ya liƙa, ga ta uku. Shi ya sa takarda ɗaya take ba ka karatu biyu. Idan kai ne kake bugawa, da ka ga ta lanƙwasa danna Ctrl da Z nan take, za ta miƙe.

Shawarata Malam, ku malamai ku sa doka. Duk kundin da aka kawo da qasa a mayar da shi. Mu masu shago ba za mu canza ba sai ɗalibi ya dawo yana kuka cewa an ƙi karɓa.

Tsohon Ɗan Jarida ya amsa:

Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima da kake yi wa harshe cikin lalura. Yaran nan sun ba ka magani, ni abin da zan ƙara ba magani ba ne.

Abin ya ba ni takaici da na ji a Zariya ake haɗiye ƙugiya. Waɗannan haruffa a garin nan suka kafu, a Hukumar Talifi zamanin Dokta Rupert East cikin shekarun 1930, kuma da su Gaskiya Ta Fi Kwabo ta riƙa fita tun daga 1939, Abubakar Imam yana edita. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 yana nan Tukur-Tukur, kusa da kai. Masu jera haruffan dalma da hannu ba su taɓa cewa ƙ ta yi musu wuya ba. Mu a ɗakin labarai, ka rubuta karya a inda ake nufin ƙarya, ko bari a inda ake nufin ɓari, sai edita ya kira ka da cikakken sunanka.

Amma ina so in rage maka tsammani. Ko ƙamusun ya dawo cif, zanen aro ba ya rufe katara. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne. Fari na launi da fari na rashin ruwa haka. Kai ka fi ni sanin "ya tafi": idan an ja wasalin labari ne ya wuce, idan an gajarta aka sauke murya umarni ne ko fata, idan aka ɗaga aka sauke kuma nan gaba ake nufi. Bahaushe yana karantawa yana zuba karin daga kansa, don ya fahimci zancen. Ƙamusun da ke musanya harafi da harafi ba zai taɓa yin wannan ba, kuma duk muryar Hausa da za a ƙera sai ta koyi hasashe daga jimla.

Ina da ja da 'yata mai shago a wuri ɗaya. Kada a ɗora wa waɗancan tsofaffin fon laifi. Lokacin da aka yi su babu wata hanya, ko dai su ko a bi takarda da biro ana ɗora ƙugiya ɗaya-ɗaya bayan an buga, mun yi wannan da hannunmu. Sun yi zamaninsu. Dokar da kika ce a sa kuwa na goyi baya ɗari bisa ɗari.

Malamin Tudun Jukun ya sake rubutawa:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗan Samaru, Allah ya yi maka albarka, jakar tana nan. Yaron ya kwafo ta bayan sallar isha'i, ya zuba kamar yadda ka ce, ɗaki ya koma ɗaki. Ba'amurken ma na sallame shi. An ajiye kwafi a filashi, an tura wani a imel ɗina.

Hajiya Maman Biyu, zancenki haka yake. Na sa an duba mini, q da x da v suna cikin ƙamusun, amma alamar da ta juya baibai ba ta ciki, yanzu na ƙara ta. Zan kai maganar dokar taron sashe, sai dai na san abin da za a ce mini, wai yara ba su da kuɗin sake bugu. Baba Ɗan Jarida, ni kaina karin daga kaina nake zubawa, muryar dai ta kawo mini baƙaƙen da wasulan cikakku ya ishe ni.

Ga wata kuma, tunda an taru. Andika da harshensu take karanta lamba. Shekarun nan haka nake fama, har na haddace: idan ta ce "empat puluh" na san arba'in ne, yaro ya tsallake da ƙyar, "enam puluh lima" sittin da biyar, "lima ribu" dubu biyar. Kwanakin da Ba'amurken ya yi yana ɓata mini Hausa, lambobi kam na ji daɗinsu a bakinsa. Ranar haɗa sakamako nakan gaji da fassara a kai. Akwai yadda za a yi ta faɗi maki da Hausa?

Ɗan Samaru ya sake amsawa:

Akwai Malam, amma da sharaɗi. Maki daga 0 zuwa 100 ne, to layi 101 ke nan a ƙamusun murya, kowace lamba da sunanta, a zaɓa mata nau'in kalma sukutum don kada 6 ta shiga cikin 65. A rubuta su yadda Andika za ta iya, shida ya zama syida, huɗu hudu. Fayil ɗin rubutu ne kawai, a Notepad ma ana iya cika shi, ba sai ka bi akwati ɗaya-ɗaya ba. Zan shirya shi a ƙarshen mako in sa a nan, ɗan'uwana ya liƙa a ƙasan naka.

Sharaɗin shi ne waƙafi da ɗigo suna raba lamba. 65,000 za ta fito "sittin da biyar", sannan sifiran su biyo da harshen Indonesiya. Lokaci irin 10:30 da kwanan wata su ma za su fito gunduwa-gunduwa, shekara kamar 1939 kuma tana nan yadda ka saba jin ta. Ka fara gwada goma ko ashirin a ƙamusun wucin gadi ka buɗe takardar sakamako ka saurara. Idan bai yi maka ba, ka rufe NVDA ka buɗe, sun tafi.